Shekarar da Na Goge Muryar Inna

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ina roƙon ku karanta shi a zaune, ba a tsaye kuna latsa waya da ɗaya hannun ba. Na san abin da ake faɗa a gidan nan in na ba da baya. Ana cewa Baba mutum ne mai taurin zuciya, wai har muryar mahaifiyarsa ya goge da hannunsa saboda dokar kamfani. Jikokina ma sun ji, don rannan ƙaramin nan na wajen Sadiku ya tambaye ni ko gaskiya ne. Ban taɓa tanka muku ba, amma ba don ba ni da ta cewa ba ne. Yanzu likita ya hana ni gishiri, ya hana ni tuƙi, ya bar ni da zaman tsakar gida da biro. To bari in faɗa. Naku ne ku duka, amma musamman ke babbarku, yayar su Sadiku, don ke kika fi kowa jin ciwon abin.

Kun tashi kun ga ina fita da jaka da kwamfuta, amma ban tabbata kun san abin da nake sayarwa ba. Manhaja nake sayarwa, irin wadda masu harka suke tafiyar da aikinsu da ita: me ya shigo sito, me ya fita, wa ya kawo, wa ya karɓa. Mu biyu muka kafa kamfanin, ni da abokina Sabi'u, a wani ɗan ofis bayan tashar Rano. Masu injin casar shinkafa da dillalan taki su ne kwastomominmu na farko. Da can sai mu je mu dasa wa mutum manhajar a kwamfutar ofishinsa, mu dawo gida da fargaba, don ko ɓera ya ci waya, ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone komai, ko ɗan mai gidan ya zauna yana buga ƙwallo a kai. Daga baya muka koma abin da a sana'armu ake kira gajimare. Ba ruwansa da hadari. Wasu manyan kwamfutoci ne jere a ɗakuna masu sanyi a wata ƙasa, muna hayar wuri a cikinsu, bayanan kwastoma su zauna can, shi kuma ya riƙa ganinsu ta wayarsa. Wannan bayani na yi shi har bakina ya gaji. Wani Alhaji mai sito a Kibiya ya saurare ni tsaf, da na gama ya ce:

"Wato kayana suna ɗakin da ban taɓa gani ba, makullin kuma yana aljihunka?"

Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya ce, "To ashe kai za a duba, ba kwamfutar ba."

Daga ranar na daina wahalar da kaina da dogon turanci. Mai sayar da irin kayanmu maganarsa yake sayarwa. Sabis ya ɗauke a kira ka a zage ka, alhali ba kai ka kafa ƙarfen ba, wannan duk mai sauƙi ne, ka ba da haƙuri a wuce. Amma ranar da aka ce ka leƙa abin da aka ba ka ajiya, ka rufe shago kawai ka koma gona.

Yanzu sai in zo kan Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta ba ni tuwo sai ta miƙa wa ƙanwata Talatu ta ce, "Kai wa yayanki." In baƙi suka tambaye ni sai ta ce, "Wancan? Yana nan." Ko a karatu, in ta zo kan sunan ɗan'uwan Annabi Musa sai ta sassauta murya har ta wuce wurin. Ina yaro abin yana ci mini rai ƙwarai. Na sha laɓewa a bayan rumbu in ƙi amsa kiran kowa, ko za ta gaji ta kira ni da kanta. Ina! Sai dai in ji tana cewa, "Talatu, dubo min bayan rumbu, na ga ƙafar mutum." Ban taɓa shakkar tana sona ba, don ƙuli-ƙulin da ya fi soyuwa kullum a aljihuna yake ƙarewa. Amma ina son in ji sunan, wallahi ina so, har na yi furfura ina so. Abin dariyar kuma, da aka haife ki sai na tsinci bakina ya yi nauyi irin nata. Daga "ke" sai "yarinyar nan", da ƙannenki suka zo kika zama yayar su Sadiku. Mahaifiyarku ta yi tsiya har ta gaji.

Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta bar Rano ta koma garinsu, Unguwar Gai, gidan ƙaninta. Na yi juyin duniya ta dawo wurina ta ƙi. Ta ce ita ba za ta zauna tana kallon fanka ba alhali hannunta yana iya matse gyaɗa. Can ta shiga ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ƙawarta Hajiya Tasalla take shugabanta.

Ana nan sai wani kamfani da ke sayen man gyaɗa a yankin ya ba mu kwangila, mafi girma da muka taɓa samu. Suna son su san man da kowane gida ya matse kafin su turo mota, don motarsu ta sha zuwa ta koma rabi. Matsalar ita ce yawancin matan ba su yi boko ba. Ni na kawo shawarar a bar rubutu: mace ta danna wuri ɗaya a waya ta faɗi abin da ta matse da bakinta, saƙon ya tafi gajimare, wani ya saurara ya shigar. Sabi'u ya ce na yi basira. Ni ma na ji na yi, har muka je Unguwar Gai, a ƙofar gidan mai unguwa na yi wa mazajen matan bayani. Wani dattijo daga Kahu ya kaɗe babbar rigarsa ya miƙe.

"Muryar iyalina za ka kwasa ka kai wa ƙartin da ban sani ba? Kai ɗan wane gida ne?"

Raina ya ɓaci, kun san ni. Har na fara ɗaga murya, mai unguwa ya taɓa gwiwata ya ce in je in ji ta bakin matan tukuna. Aka kai ni soron gidan Hajiya Tasalla, aka ba ni tabarma, su suna tsakar gida, asabari a tsakaninmu. Ina jin ƙamshin suyar gyaɗa da kukan jarirai. Aka yi ta ka-ce-na-ce, sai na ji muryar da na sani. Ba da ni take ba, da Hajiya take.

"Tasalla, a tambayi yayan Talatu. Wannan abin nasa, namiji zai ji?"

Na ce, "A faɗa wa Inna, in kun ce kada ya ji, ba zai ji ba."

"Har shi?"

"Har ni."

"To in mace ta mutu fa? Muryarta za ta yi ta zama a sama ita tana ƙasa?"

Gaskiya ban taɓa tunanin wannan ba, ni da nake ji da kaina. Na ce in mace ta rasu, da an yi sadakar arba'in za a goge duk abin da ta taɓa faɗa, ba za a bar ko tari ba.

Ta ce, "Tasalla, ku kun ji, Allah ma ya ji."

Wannan alkawari ya ba mu wuya ba kaɗan ba. Sai da muka rushe rabin aikin muka sake gini. Muka ɗauki mata biyu a Rano, su kaɗai ke sauraron saƙonni a ɗakinsu na dabam suna shigar da adadin mai. Muka kulle muryoyin da makulli irin namu na kwamfuta, ɗaya a wayar Hajiya Tasalla, ɗaya a wurina na ko-ta-kwana, saboda in wani abu ya lalace. Kamfanin da ya ba mu kwangilar ya so a ba shi muryoyin ma, na ce adadin mai kuka saya, shi za ku samu. Sabi'u ya yi kwanaki yana kumbura, yana cewa zan kashe mu da taurin kai. Amma aiki ya tashi. Motar ta daina komawa rabi, matan Kahu suka shigo, har dattijon nan mai kaɗe riga ya saya wa matarsa waya. Inna kuwa da farko sai ta yi wa wayar sallama ta jira a amsa.

A shekarar da nake ba ku labari, ke kina makaranta a Kano, kika tafi hutun kaka wurin Inna, kina taya ta ɓarar gyaɗa. Kin dawo ba da jimawa ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Muka kai ta asibiti a Rano. Ina zaune a gefen gadonta, ta buɗe ido ta gan ni, ta juya ta ce wa Talatu, "Ce masa ya je ya ci abinci." Maganarta ta ƙarshe a kaina ke nan. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Ana cikin zaman makoki, bayan la'asar mutane sun ɗan ragu, kika same ni a soro idonki jawur. Kika durƙusa kika ce:

"Baba, Inna ta faɗi sunanka."

Na ce, "Ke, bar wasa da ni yau."

"Wallahi Baba. A waya. Ni na riƙe mata. Ta gama faɗin man da ta matse, sai ta ce, Allah ya yi wa Haruna albarka, Allah ya rufa wa Haruna asiri. Yana nan a cikin abinku, ba a goge ba."

Sai na tambaye ki yadda aka yi. Kika ce kafin ta fara sai da ta dube ki ta ce, "Ke, da gaske ubanki ba ya ji?" Kika ce da gaske. Ta ce ki rantse, kika rantse. Kin faɗa mini wannan da sauri, kamar ba shi ne labarin ba, hankalinki yana kan in tashi in je in saurara. Ni kuwa nan maganar ta tsaya mini.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in ji. Kwanakin nan ko abinci ba na gane ɗanɗanonsa. Ina zuwa ofis in zauna gaban kwamfuta, makullin yana hannuna, sunanta yana jere cikin sunayen matan, abin da ya rage in danna kawai. Wata safiya Sabi'u ya shigo ya same ni haka, ya tura ƙofa ya zauna.

"Haruna, uwarka ce fa. Wane malami ne zai ce haramun ne ɗa ya ji muryar uwarsa? Buɗe ka ji, in share sawun, babu wanda zai sani."

Na ce, "Ni zan sani."

"To je ka roƙi Hajiya mana! Kai wane irin mutum ne?"

Wannan ta shige ni. Na ɗauki mota na tafi Unguwar Gai. Hajiya Tasalla ta sa aka shigar da ni har tsakar gida, ta ce ai ni ɗa ne. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan, ita ma ta yi rashi, tun suna 'yan mata suke tare. Ban gama kame-kamena ba ta katse ni.

"Na san abin da ya kawo ka. 'Yarka ta ji sau ɗaya, ko? To ba sau ɗaya ba ne. Tun da aka kawo abin nan, ba ta taɓa aika saƙo ba ta rufe da kai ba. A gabana ta sha yi. Har tsiya nake mata, in ce yau kuma an tuna da wancan? Sai ta ce, rufa min baki Tasalla, ai ba ya ji."

Ta ciro wayarta daga lalita ta ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

"Ga shi nan. Ni ba zan hana ka ba, matan nan ma na san ba za su hana ba, duk suna tausayinka. Amma ni dai abin da na sani, da ta san za ka ji, da ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba."

Na zauna ina kallon wayar nan, tsohuwa, an ɗaure bayanta da kyauro. Hawaye suna zuba, ban ma damu in share ba. Shekara da shekaru tana riƙe da sunana a bakinta ba ta da inda za ta ajiye shi. Sai ga shi na gina mata ɗaki, na ce mata babu mai shiga, har ni, ita kuma ta yarda da maganata ta shiga ta saki jiki. In na buɗe yanzu don ba ta da bakin hanawa, na zama mai leƙen uwarsa ta kafar ƙofa. Kuma gobe in wata ta rasu, mijinta ya zo da kukansa, ɗanta ya zo da nasa, da wane baki zan ce a'a? Na tura wa Hajiya wayarta na ce ta mayar. Ta dube ni ta ce:

"Kai dai ɗanta ne. Taurin kan ma iri ɗaya."

Da aka yi sadakar arba'in, Hajiya ta danna nata makullin na gogewa, ni kuma na zauna a ofis na yi nawa. Ku sani, gogewa a gajimare ba kamar share allo ba ce. Komai muna ajiye kwafinsa a wurare dabam-dabam saboda tsaro, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na bi su duka. Ina dubawa na ƙarshe sai na ga wani kwafi a wani lungu da bai kamata ba. Sabi'u ne ya ɓoye. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, har matan ɗakin sauraro suka leƙo. Sai da na gaji, sannan ya ce, "Na ce ko wata rana za ka so." Allah ya saka wa Sabi'u da alheri, ƙauna ce ta sa shi. Na goge wannan ma, na fita na yi alwala.

Da na dawo gida ke ce a bakin ƙofa. Kika dubi fuskata kika gane.

"Baba, ka goge?"

Na ce, "Na goge."

"Ko sau ɗaya ba ka ji ba?"

"Ban ji ba."

Kika ce, "Ni da na sani da ban faɗa maka ba." Kika shige ɗaki.

Daga ranar wani abu ya shiga tsakaninmu. Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba, ke ba haka kike ba. Kina gaishe ni, kina kawo mini ruwa, kika yi aure kika riƙa aiko mini da dambun nama. Amma hirar nan da muke yi a kan dakali, kina ba ni labarin malamanku ina dariya, ta ƙare. A ganinki kin kawo mini kyauta mafi girma da kike da ita, ni kuma na jefa ta a rijiya. Kuma muryar kakarki ce ke ma, ban tambaye ki ba na raba ki da ita. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a cikin lamarin, ya fi rashin jin sunan. Kamfani ya ci gaba, ƙungiyoyin mata daga Zurgu har ƙauyukan Kibiya suka zo da kansu, wai sun ji labarin mutumin da bai saurari uwarsa ba. Ban taɓa jin daɗin wannan yabo ba, kuma na hana Sabi'u ya sa shi a bakinsa in muna neman kwastoma.

In yau aka mayar da ni gaban kwamfutar nan, abin da na yi shi zan sake yi. Amma kada ki ce kyautarki ta faɗa rijiya. Ni na ji sunana. A bakinki na ji shi, a soron nan, kina kuka, kuma kin kwaikwayi yadda take jan harafin ƙarshe ba ki ma sani ba. Shi nake ji har yau in na idar da salla.

Abu ɗaya ya rage. Kwanan nan da nake zaune ba aikin fari ba na baƙi, na lura ina shirin tafiya in bar ki yadda aka bar ni, kina jiran wata Tasalla ta ba ki labari. Inna ta samu ɗakin da babu mai ji, kuma ta yi daidai da zamaninta. Ni na gwada da baki rannan da kika zo da yara, kina zuba mini kunu, na buɗe baki sai na ji na ce "ke". To ga shi a inda za ki gani, ƙannenki ma su gani, kuma ban yarda kowa ya goge ba ko bayan arba'in ɗina.

Nafisa. Allah ya yi miki albarka, Nafisa. Allah ya rufa miki asiri.

In kin zo ranar Juma'a ki zauna a kan dakali, zan sake gwadawa da baki.